Tarihin John Lennon, Mawaƙin Da Ya Kafa Ƙungiyar Beatles Kuma Ya Bar Ta

A cikin mawaƙan Turai na ƙarni na ashirin, kaɗan ne sunansu ya zaga duniya kamar na John Lennon, mutumin Ingila. Shi ne ya kafa ƙungiyar makaɗan nan ta Beatles, wadda ake lissafa ta a kan gaba wajen cinikin faya-fayai a tarihin kiɗan rok, watau kiɗan samarin Turai da Amurka na jita da ganguna. Shi ne kuma ya fara barin ta gaba ɗaya, a daidai lokacin da take kan ganiyarta. Shekara goma ya yi a ƙarƙashin sunan Beatles, ya kuma yi wajen shekara goma sha ɗaya yana neman a san shi da sunan kansa. Abin da ya samu da abin da ya rasa a wannan rabuwa shi ne ƙashin bayan tarihinsa.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi John Winston Lennon ran 9 ga watan Oktoba, 1940, a Liverpool, babbar tashar jiragen ruwa ta arewa maso yammacin Ingila, a lokacin da jiragen saman Jamus ke yi wa birnin ruwan bama-bamai. Mahaifinsa Alfred ma'aikacin jirgin ruwa ne, ba ya zama gida, aurensa da mahaifiyar yaron, Julia, bai yi ƙarko ba. Tun yana ɗan shekara biyar aka mayar da shi hannun yayar mahaifiyarsa, Mimi Smith, da mijinta George, a unguwar Woolton. Innar tasa mace ce mai tsanani da son tsari, ba ta kuma ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar da za ta ci da mutum ba.

A makarantar sakandare ta Quarry Bank an san shi da kaifin baki da zane-zanen barkwanci da rashin jin magana. Ya faɗi jarrabawarsa ta fita, amma da taimakon shugaban makarantar aka karɓe shi a Kwalejin Zane-zane ta Liverpool a 1957. Kafin nan ya soma komawa wurin mahaifiyarsa, ita ce ma ta fara koya masa kaɗa tsirkiya. Sai dai wannan shaƙuwa ba ta daɗe ba, domin ran 15 ga watan Yuli, 1958, mota ta buge Julia kusa da gidan Mimi ta mutu, shi kuwa yana da shekara 17. Sau biyu ke nan ya rasa uwa, da farko ta hanyar rabuwa, sa'an nan ta hanyar mutuwa, kuma wannan miki bai warke ba har ƙarshen ransa.

Kafa Ƙungiya

A 1956 ya tara abokansa na makaranta suka kafa 'yar ƙungiyar kiɗa mai suna Quarrymen. Ran 6 ga watan Yuli, 1957, suna wasa a wani bikin coci a Woolton, aka gabatar masa da wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney, wanda ya fi shi iya jita. Lennon ya ga cewa in ya ɗauke shi ƙungiya za ta ƙara ƙarfi, amma shugabancinsa zai sami kishiya. Duk da haka ya ɗauke shi. George Harrison ya shigo a 1958, a 1960 kuma suka ɗauki sunan Beatles.

Makarantarsu ta gaskiya ita ce gidajen rawa na Hamburg a Jamus ta Yamma, inda suka je sau biyar tsakanin 1960 da 1962. A can sukan kwana suna kiɗa sa'o'i da yawa a jere a gaban matuƙan jiragen ruwa da mashaya, suna kwana a ɗakuna marasa kyau, suna shan ƙwayoyin hana barci. Da suka komo gida sai suka zama 'yan gida a wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern, inda suka yi wasa kusan sau 300. A nan ne Brian Epstein, mai kula da kantin sayar da faya-fayai na gidansu, ya gan su a watan Nuwamba na 1961, ya zama manajansu, ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat.

Kamfanin Decca ya gwada su ran 1 ga watan Janairu, 1962, ya ƙi su. George Martin na kamfanin EMI ne ya karɓe su, aka kuma sauya mai ganga, Ringo Starr ya maye gurbin Pete Best. Ƙaramin faifansu na farko ya fito ran 5 ga watan Oktoba, 1962, ya tsaya a lamba ta 17 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila.

Shekarun Ɗaukaka

Daga 1963 al'amari ya wuce duk yadda ake zato. Ran 9 ga watan Fabrairu, 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka. A farkon watan Afrilu na wannan shekara waƙoƙinsu ne suka riƙe lamba ta ɗaya har zuwa ta biyar a jerin Amurka a mako guda. A watan Agusta na 1965 mutum fiye da 55,000 suka taru a filin wasa na Shea a New York domin ganinsu, a watan Oktoba kuma Sarauniyar Ingila ta ba kowannensu lambar girma ta MBE, irin wadda aka riƙa bai wa sarakuna da manyan ma'aikata a Nijeriya a zamanin mulkin Turawa.

Asirin ƙungiyar yana cikin haɗin Lennon da McCartney. Tun suna samari suka yi alkawari cewa duk waƙar da ɗayansu ya tsara za a sa mata sunayensu su biyu, kuma wajen waƙoƙi 180 ne suka fito a haka. McCartney gwani ne wajen daɗin karin waƙa da gyaran aiki har ya yi sumul. Lennon kuwa mai zafin harshe ne, mai wasa da kalmomi, mai gajen haƙuri. Kowannensu yana rage wa ɗan'uwansa abin da ya yi yawa, yana cika masa abin da ya gaza, ga kuma gasa tsakaninsu wadda ta hana kowa yin sanyi.

Amma ɗaukakar ta zo da nata nauyi. Ihun 'yan kallo ya kai ga makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Lennon ya auri Cynthia Powell a 1962, ta haifa masa Julian a 1963, amma aka riƙa ɓoye auren domin kada farin jininsa ya ragu wurin 'yan mata. A 1966 wata magana da ya yi wa wata jaridar Landan, inda ya gwada farin jinin ƙungiyarsu da na addinin Kirista a tsakanin matasa, ta tayar da ƙura a kudancin Amurka, aka ƙona faya-fayansu a bainar jama'a, aka yi musu barazanar kisa, har ya fito ya ba da haƙuri. Ran 29 ga watan Agusta, 1966, suka yi wasansu na ƙarshe na masu biyan kuɗi a San Francisco, suka koma aikin ɗakin ɗaukar murya kawai.

Yadda Aka Rabu

Abubuwa uku ne suka sassauta igiyar da ta ɗaure su. Na farko, mutuwar Epstein ran 27 ga watan Agusta, 1967, yana da shekara 32, wadda ta bar su ba mai raba gardama. McCartney ya yi ƙoƙarin riƙe ragama, sauran kuwa suka ga kamar yana mayar da su yaransa. Na biyu, rikicin kuɗi. Kamfanin Apple da suka kafa a 1968 ya riƙa zubar da dukiya, da aka zo neman wanda zai gyara, Lennon da Harrison da Starr suka zaɓi wani Ba'amurke, Allen Klein, McCartney kuwa ya nace a kan surukinsa, lauya Lee Eastman. Na uku, Yoko Ono, 'yar ƙasar Jafan mai fasahar zamani, wadda Lennon ya haɗu da ita a wani ɗakin nuna zane a Landan a watan Nuwamba na 1966. Ya rabu da Cynthia a 1968, ya auri Yoko a Jibralta ran 20 ga watan Maris, 1969, ya kuma riƙa shigowa da ita ɗakin aiki, inda a da ba a saba kawo kowa ba. Jaridun Ingila sun ɗora mata laifin rushewar ƙungiyar, sau da yawa da kalaman wariyar launin fata, alhali kuwa ɓarakar ta riga ta samo asali daga wurare da dama.

Tun kafin ya fita ya fara gwada ƙafarsa. Shi da Yoko suka mayar da hutun amarcinsu zanga-zangar neman zaman lafiya, suka yi mako guda a kan gado a wani otal a Amsterdam suna karɓar 'yan jarida, suka sake yin haka a Montreal ta ƙasar Kanada. A ɗakin otal ɗin ne, ran 1 ga watan Yuni, 1969, aka ɗauki waƙar Give Peace a Chance, wadda masu adawa da yaƙin Biyetnam suka mayar takensu. Ran 13 ga watan Satumba ya hau dandamali a Toronto tare da wasu makaɗa da ya tara cikin gaggawa, har a cikin jirgin sama suka yi gwaji. Da ya ga ya iya tsayawa ba tare da abokansa uku ba, bayan mako guda ya shaida musu cewa ya bar ƙungiya. Aka roƙe shi ya yi shiru saboda ana tsakiyar ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin faifai, ya kuwa yi shiru. Sai ga shi a watan Afrilu na 1970 McCartney ne ya fito da labarin rabuwar, abin da ya ɓata wa Lennon rai ƙwarai, domin yana ganin wanda ya gina gida shi ya kamata ya sanar da rushe shi. A ƙarshen 1970 McCartney ya kai ƙara kotu, ba a kuwa gama warware haɗin gwiwar a shari'ance ba sai farkon 1975.

A tsakanin nan ne sunan Nijeriya ya shiga tarihinsa. Ran 25 ga watan Nuwamba, 1969, ya mayar wa fadar Sarauniya lambarsa ta MBE, ya ba da dalili da hannun da Ingila ta sa a yaƙin basasar Nijeriya, wanda a lokacin saura 'yan makonni ya ƙare, da kuma goyon bayan da take bai wa Amurka a Biyetnam. Ya haɗa da wani dalili na ba'a game da faifansa da ke faɗuwa a kasuwa, wanda ya sa mutane da yawa suka ƙi ɗaukar abin da muhimmanci. Haka halinsa yake, da wuya ya yi maganar gaske bai sa mata barkwanci ba.

Shi Kaɗai A Fage

'Yancin da ya samu ya fara da ba da amfani mai kyau. A watan Janairu na 1970 ya tsara wata waƙa da safe, aka ɗauke ta a daren ranar, ta shiga kasuwa bayan kwana goma, abin da ba zai yiwu ba a ƙungiyar da sai mutum huɗu sun yarda. A wannan shekara ya yi watanni a hannun wani likitan tunani Ba'amurke, Arthur Janov, mai bin hanyar sa majiyyaci ya tono baƙin cikin ƙuruciyarsa ya fitar da shi da kuka da ihu. Daga nan ne babban faifansa na farko, John Lennon/Plastic Ono Band, ya fito a watan Disamba na 1970. Kayan kiɗan ba su wuce jita da fiyano da ganga ba, ba ado ba kwalliya, waƙoƙin kuwa a kan uwar da ta bar shi ne, da uban da ya tafi, da wulaƙancin da ake yi wa 'ya'yan talakawa a makaranta da wurin aiki, da kuma sanarwar cewa ya daina dogara ga sunan Beatles. Masana kiɗa da yawa suna ganin bai taɓa yin aikin da ya fi wannan ba.

A watan Satumba na 1971 ya fitar da Imagine, wanda ya kai lamba ta ɗaya a Ingila da Amurka. Waƙar da faifan ya ci sunanta kira ce ga mutane su sawwara duniyar da ba yaƙi, ba iyakokin ƙasashe, ba rigimar dukiya. Ta zama waƙarsa mafi shahara, ta kuma jawo masa suka ta fuska biyu: masu addini sun ƙi baitin da ya shafi addini, wasu kuma suka ce attajirin da ke zaune a gida mai fili eka 70 da ɗoriya bai dace da wa'azin barin dukiya ba. A cikin faifan nan kuma akwai waƙar habaici mai zafi da ya yi wa McCartney, wadda ta nuna cewa rabuwar ba ta huce ba.

Rigima Da Gwamnatin Amurka

A 1971 ya ƙaura zuwa New York, bai kuma sake taka ƙasar Ingila ba. Ya shiga cikin 'yan adawa da yaƙin Biyetnam, aka fara shirin ya zaga ƙasar yana wasa yana jawo matasa su yi rajistar zaɓe. A shekarar ce aka rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18, ga shi Shugaba Richard Nixon yana neman a sake zaɓensa a 1972. A watan Fabrairu na 1972 wani ɗan majalisar dattawa, Strom Thurmond, ya aika wa gwamnati takarda yana ba da shawarar a kore shi daga ƙasar. Hujjar da aka riƙe ita ce tarar fam 150 da wata kotun Landan ta ci shi a 1968 saboda an same shi da tabar wiwi. A watan Maris na 1973 aka ba shi kwana 60 ya fita. Ya ɗaukaka ƙara, aka yi ta shari'a har Nixon ya sauka a 1974, sa'an nan ran 7 ga watan Oktoba, 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin. Ya sami takardar zama ta dindindin a watan Yuli na 1976. Takardun hukumar bincike ta FBI da aka saki a 1997 da 2006 sun tabbatar da cewa an daɗe ana bin sawunsa.

A wannan lokaci ne kuma aka ga illar rashin abokin shawara. Faifansa na 1972, Some Time in New York City, cike yake da waƙoƙin siyasa da aka tsara cikin hanzari kamar kanun labarai, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, bai wuce lamba ta 48 a Amurka ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A da McCartney ko George Martin kan ce masa wannan baiti bai nuna ba, yanzu kuwa ba mai iya faɗa masa. Cikakken wasan da ya yi a gaban jama'a da sunan kansa bai wuce na ran 30 ga watan Agusta, 1972, ba, a zauren Madison Square Garden, domin tara kuɗin taimakon yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa.

A 1973 suka rabu da Yoko na wajen wata 18, ya koma Los Angeles, ya faɗa shaye-shaye, har aka taɓa fitar da shi daga wani gidan rawa saboda tayar da hankali. A daidai lokacin McCartney ya je Ikko ya ɗauki faifan Band on the Run a ɗakin kamfanin EMI, wanda ya zama babbar nasara gare shi. Lennon ne na ƙarshe a cikin su huɗu da ya sami ƙaramin faifai mai lamba ta ɗaya a Amurka da sunan kansa, a watan Nuwamba na 1974, da taimakon Elton John. Domin cika alkawarin da ya yi masa, ya fito tare da shi ran 28 ga watan, ya rera waƙa uku. Wannan ne hawansa na ƙarshe a babban dandamalin wasa.

Shekara Biyar A Gida

A farkon 1975 ya koma wurin Yoko. Ran 9 ga watan Oktoba, ranar da ya cika shekara 35, ta haifa masa ɗa, Sean. Sai ya yi abin da ba a saba gani ga mawaƙi mai irin sunansa ba: ya bar yarjejeniyarsa da kamfanin faifai ta ƙare bai sabunta ba, ya zauna gida yana renon yaro da dafa abinci, matarsa kuma ta riƙe harkar dukiya. A hirarrakinsa na ƙarshe ya amsa da bakinsa cewa bai ba Julian haƙƙinsa na ɗa ba, kuma a ƙuruciyarsa ya kasance mai dukan mata, abin da ya ce yana nadamarsa. Tsakaninsa da McCartney ma an sami sassauci, sukan gaisa, amma duk kuɗin da aka yi ta tayawa domin Beatles su sake haɗuwa bai sa sun koma ba.

A tsakiyar 1980 ya yi tafiya a ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Bermuda, a can waƙa ta dawo masa. Ran 17 ga watan Nuwamba faifan Double Fantasy ya fito, waƙa bakwai nasa, bakwai na Yoko, yawancinsu a kan aure da haihuwa da shiga shekarun girma. Masu sharhi na farko ba su yi ɗoki ba, wasu suka ce zafinsa na da ya tafi. Shi kuwa ya riga ya shiga aikin faifai na gaba, ana kuma maganar zai koma yawon wasa.

Mutuwarsa

Ran 8 ga watan Disamba, 1980, da yamma, wani saurayi ɗan shekara 25, Mark David Chapman, ya tare shi a ƙofar ginin Dakota inda yake zaune, ya miƙa masa sabon faifan ya sa masa hannu. Wajen ƙarfe 11 saura na dare, da Lennon ya komo daga ɗakin ɗaukar murya, mutumin nan ya harbe shi ta baya, harsashi huɗu suka same shi. Kafin a yi wani abu a asibitin Roosevelt rai ya yi halinsa. Yana da shekara 40. Ran 14 ga watan dubban mutane a New York da Liverpool da sauran birane suka yi shiru na minti goma bisa roƙon matarsa. A 1981 aka yanke wa Chapman ɗaurin shekara 20 zuwa rai da rai.

Bayan mutuwarsa Double Fantasy ya hau lamba ta ɗaya, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1982. A 1985 aka keɓe wani sashe na lambun Central Park, daura da gidansa, domin tunawa da shi. An shigar da shi zauren girmama mawaƙan rok sau biyu, a 1988 tare da Beatles, a 1994 kuma shi kaɗai, an kuma sa wa filin jirgin saman Liverpool sunansa a 2002.

In aka auna shekarunsa na kaɗaici, za a ga manyan faya-fayai biyu da suka tsaya da ƙafarsu, da wasu masu rauni, da shekara biyar na shiru. Abin da ya kawo sabo shi ne mawaƙin da duniya ta sani ya fito ya faɗi maraicinsa da kishinsa da kurakuransa da sunan kansa, hanyar da mawaƙa da yawa suka bi a bayansa. Amma inuwar ƙungiyar da ya kafa ba ta taɓa barinsa ba. A watan Nuwamba na 2023, kusan shekara 43 bayan mutuwarsa, aka saki wata waƙa wadda aka yi amfani da kwamfuta aka tsamo muryarsa daga wani tsohon kaset da ya ɗauka shi kaɗai a gida, McCartney da Starr suka ƙarasa waƙar. Ta hau lamba ta ɗaya a Ingila, kuma da sunan Beatles aka fitar da ita.